Sawun Kifi A Tashar Jiragen Ruwa

Kowane maharbi ya san naman da ya ratsa ta wurin sawunsa. A dā mun ɗauka kifi ba ya barin sawu, amma yanzu masana sun nuna yana bari. Kowace halitta ta ruwa ta kan zubar da yauƙi da ɓawo da kashi, a cikinsu kuwa akwai ƙwayar gadon nan da a ke kira DNA, wadda ta bambanta wani iri da wani.

Ga yadda a ke yi. Sai a ɗebi ruwa a kwalba, a tace, a fitar da ƙwayar gado daga abin da ya maƙale a mataci, sa'an nan a gwada ta da ta halittun da aka riga aka rubuta. A cikin 2012 masana a Danmak suka ba da labarin sun gane kifi iri 15 ta haka, daga ruwan tekun garin Elsino, ba tare da sun jefa taru ba.

Tashar jiragen ruwa ita ta fi bukatar wannan dabara. Jirgin da ya sauke kaya ya kan ɗura ruwan teku a cikinsa don ya daidaita, ya je ya zubar a wata ƙasa, tare da ƙwai da 'ya'yan halittun da ya kwaso. Masana na ganin ta haka ne wata halitta mai jiki kamar yauƙi ta baro gaɓar Amurka ta shiga Bahar Aswad wajen 1982. Ta cinye abincin ƙananan kifi da ƙwansu, kafin shekara goma masunta suka shiga uku. Saboda irin wannan ɓarna ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a 2004 kan tsabtace ruwan cikin jirage, ta fara aiki a 2017.

Amma fa dabarar tana da iyaka. Ba ta faɗin ko halittar na da rai ko matacciya ce, igiyar ruwa kuwa ta kan kawo ƙwayar daga wani wuri. Wanda ba a rubuta irinsa ba, ba a iya kiran sunansa.

Duk da haka muna ganin amfaninta babba ne. Baƙon da aka gane tun yana bakin tasha ana iya tare shi, in ya yaɗu cikin teku kuwa sai haƙuri. Rigakafi ya fi magani.