Ranar 3 ga Agusta a Madarunfa: Yadda bikin 'yancin Nijar ya zama ranar dashen itatuwa

A yawancin ƙasashen Afirka, da an ambaci bikin samun 'yancin kai, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne faretin sojoji da jawaban shugabanni. Amma a Jamhuriyar Nijar, kusan shekara 50 ke nan ana gane ranar 3 ga Agusta da hauya da ɗan ice a hannu. Don sanin yadda aka yi haka, mun ga ya dace mu duba Madarunfa, wata gunduma a kudancin jihar Maraɗi da ke iyaka da jihar Katsina, inda rayuwar jama'a ta dogara a kan tafki da daji da gona.

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 28 ga Satumba, 1958 ne Janar de Gol na Faransa ya kira ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen da suke yi wa mulkin mallaka. Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba ya nemi jama'a su ce a'a, a karɓi 'yanci nan take, amma masu cewa i suka yi rinjaye. A ranar 18 ga Disamba na wannan shekara aka ayyana Jamhuriya, sannan a ranar Laraba 3 ga Agusta, 1960, Diori Hamani ya shelanta cikakken 'yancin ƙasar a birnin Yamai.

To, sai dai ba a je ko'ina ba fari ya afka wa yankin Sahel, daga 1968 zuwa 1974. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare, hamada ta yi ta matsowa kudu. Wannan yunwa na cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar lokacin da ya kifar da gwamnatin Diori a ranar 15 ga Afrilu, 1974. Daga 1975 aka haɗa bikin 'yanci da dashen itatuwa, ganin cewa Agusta ce tsakiyar damina, lokacin da ƙasa ta sha ruwa. Tun daga nan al'adar ta zauna: shugaban ƙasa ya yi wa 'yan ƙasa jawabi, washegari ya dasa nasa icen, gwamnoni da sarakuna da 'yan makaranta su ma su dasa nasu a jihohi da gundumomi.

Ga mutumin Madarunfa, maganar ice ba ta biki ba ce kawai. A gefen garin akwai tafkin Madarunfa wanda masunta da masu noman rani ke ci daga gare shi, ga gandun dajin gwamnati, ga kuma kaburburan da ake dangantawa da waliyyai 99, waɗanda mutane ke zuwa ziyara daga Nijar da Nijeriya. A 2006 ne Nijar ta sanya wuraren uku a jerin waɗanda take neman Hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A cikin gundumar ne kuma dajin Baban Rafi yake, wanda ya daɗe yana bai wa birnin Maraɗi itacen girki. Idan itatuwa suka ƙare, yashi ne zai cike tafkin, iska kuma ta binne shuka.

Amma fa ba a nan gizo ke saƙar ba. Dashe daban, raino daban. Da yawa daga cikin dogon yaro da turaren da ake dasawa ranar biki ba sa ganin damina ta biyu, saboda rani da awaki. Bugu da ƙari, dokar gandun daji da aka gada daga Turawa ta mai da itatuwa da dama tamkar dukiyar gwamnati, har manomi kan biya tara a kan icen da ke cikin gonarsa. Wanda ya san ice zai ja masa tara, ai ba zai bari ya girma ba.

Canjin ya faro ne daga gonakin jihar Maraɗi. A 1983, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara, kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi aka rage sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama ice. Manoma suka laƙaba wa dabarar sassaben zamani, ta kuma yaɗu daga gona zuwa gona bayan farin 1984. Gawo da kalgo da sabara da aduwa suka dawo. Gawo kuwa ya fi shiga ran manomi, domin da damina yake zubar da ganye, ba ya hana gero rana, sai ma taki da yake ba shi. Masana sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi mallakar icen da ya raina.

Siyasa ta sake taɓa ranar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023. A ranar 3 ga Agusta na wannan shekara sojoji suka soke yarjejeniyoyin tsaro da Faransa, a 2024 kuma gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta sanya 26 ga Yuli cikin bukukuwan ƙasa. Duk da haka ba a daina dashe a ranar 3 ga Agusta ba.

A ganinmu, bai kamata hukumomi su tsaya ga lissafin itatuwan da aka dasa ranar biki ba. Kamata ya yi a koma cikin watan Afrilu, lokacin da rana ke tsaka da zafi, a ƙidaya waɗanda suka rayu, a kuma san wanda aka ɗora wa nauyin shayar da su da kange su. Manoman Madarunfa da maƙwabtansu sun nuna cewa idan talaka ya tabbata ice nasa ne, ba sai an sa masa mai gadi ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.