Jirgin da Ke Tashi Bayan Ya Faɗi: Darasin Tseren Fastnet

Jawabina ya shafi ƙananan jiragen ruwa masu filafilai, watau waɗanda iska ke turawa, da abin da ke sa waninsu ya jure wa babbar teku, wani kuwa ya halaka mutanensa.

A watan Agusta na 1979 jirage 303 suka tashi daga garin Cowes na Ingila domin tseren mil 605, su kewayo dutsen Fastnet da ke kudu maso yammacin Ailan, su komo Plymouth. Guguwa ta tare su a hanya. Fiye da jirage 70 suka kife, aka gudu aka bar 24, matuƙa 15 suka rasu, 86 kaɗai suka kai ƙarshen tseren.

Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tsayuwar jirgi a kan ruwa iri biyu ce. Ta fari daga fāɗi take zuwa. Jirgi mai fāɗi, marar nauyi, yana da gudu da yalwar ɗaki, ba ya kuma saurin karkata. Amma fa halinsa halin ƙwarya ne: tana zaune daram bisa ruwa, ranar da ta kife kuwa sai ta zauna daram a kife. Ta biyu daga nauyi take zuwa, watau darmar da ake zubawa cikin wani faifai mai zurfi a ƙarƙashin jirgin. Irin wannan jirgi ya fi saurin karkata, sai dai kamar kwalba ce mai yashi a gindi, ko an danne ta sai ta miƙe.

Masana suna auna wannan da digiri: iyakar karkatar da jirgi zai yi ya iya komowa da kansa. Jirgin da ake kira Contessa 32, wanda David Sadler ya zana, mai tsawon ƙafa 32, siriri ne, kusan rabin nauyinsa yana ƙarƙashi, yana kuwa iya tashi daga karkatar wajen digiri 155. Waɗansu jiragen tsere na lokacin ba su kai 120 ba. A ajin ƙananan jirage 58, guda ɗaya tak ya gama tseren, sunansa Assent, shi ma Contessa 32 ne.

Har ila yau, daga cikin jirage 24 da aka bari, an tsinci 19 suna yawo bisa ruwa, alhali kuwa waɗansu matuƙa sun rasu ne bayan sun koma cikin kwale-kwalen roba na ceto. Daga nan aka ƙarfafa ka'idar cewa kada a bar jirgi sai ya tabbata nutsewa yake yi.

Saboda haka mai niyyar ƙetare teku, kafin ya tambayi gudun jirgi ko yawan gadajensa, ya kamata ya tambayi nauyin darmarsa, da ƙarfin murafun ƙofofinsa, da digirin da zai iya tashi daga gare shi idan raƙumin ruwa ya kwantar da shi.