Ɗaurin Auren Matafiya a Figil

Figil gari ne na kan hanya. Yana cikin yankin Mayo-Luti a jihar Arewa ta Kamaru, a kan babban titin da ya tashi daga Garwa ya nufi Marwa, kuma daga nan wata hanya ke ratsewa zuwa Lere a ƙasar Chadi. Masana'antar siminti ta CIMENCAM da dutsen farar ƙasa da ake haƙa a kewaye sun jawo direbobin manyan motoci da leburori da fatake. Ƙabilar Gidar su ne 'yan ƙasa, ga Fulani da Hausawa, Fulatanci kuma shi ne harshen kasuwa. A irin wannan gari, ba abin mamaki ba ne malami ya ga baƙi a ƙofar gidansa suna neman ya ɗaura musu aure, alhali dangin ango na Kano ko Mubi, na amarya kuma na can wani gari.

Yadda ake zaman

Ba a bukatar masallaci ko babban taro. Tabarma biyu a inuwar darbejiya bayan sallar la'asar sun wadatar. Malamin, wanda Fulani ke kira modibbo, yakan zauna a tsakiya, waliyyin amarya a gefe, wakilin ango a ɗaya gefen, goro da alawa a faranti. Amarya tana cikin gida tare da mata. Wakilin ango zai nemi auren, ya ambaci sunan ango da na amarya. Waliyyi ya ce ya bayar a kan sadaki kaza, a faɗi ko lakadan ne ko ajalan. Wakili ya ce ya karɓa. A wurare da yawa sai an maimaita sau uku don kowa ya ji da kunnensa. Malam ya tambayi jama'a ko sun shaida, a yi addu'a, a shafa fatiha, a raba goro.

Aikin malam kafin a shimfiɗa tabarma

Wannan zaman gajere ne. Nauyin aikin yana cikin binciken da ke gabansa, domin baƙo ko da ido makaho ne, mutanen gari ma ba su san asalinsa ba. Mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a arewacin Kamaru kamar a ƙasar Hausa, ta tsaya a kan waliyyi da sadaki da siga da shaidu biyu adilai. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, shi ne almajirai suka fi karanta waɗannan hukunce-hukunce a ciki. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne.

Waliyyi shi ne matsala ta farko ga matafiya. Idan uban budurwa yana raye a wani gari, sai ya wakilta wani, malam kuma ya tabbatar da wakilcin. A yau akan kira uban ta waya a gaban shaidu. Macen da ba ta da kowa, hukuma ce waliyyinta, wato alƙali ko wanda lamido ya ɗora wa aikin.

Ta biyu ita ce idda. Bazawarar da aka saka sai ta yi tsarki uku, wadda mijinta ya rasu wata huɗu da kwana goma, mai ciki kuwa sai ta haihu. Shi ya sa malami mai lura yake neman takardar saki ko shaidun da suka san rabuwar. A Malikiyya, wanda ya auri mace cikin idda har ya tare da ita, ta haramta gare shi har abada. Haka nan auren da aka yanka wa wa'adi, a ce na wata uku ne kafin direba ya koma gida, ɓatacce ne.

A wasu ƙasashe

Turawa ma sun san auren matafiya. Da dokar Ingila ta fara aiki a 1754, wadda ta hana 'yan ƙasa da shekara 21 yin aure sai da yardar iyaye, masoya suka riƙa gudu zuwa ƙauyen Giretna Girin a kan iyakar Sikotland, inda maƙerin gari ke haɗa su a gaban shaidu biyu. A 1856 aka wajabta wa ɗayansu zaman kwana 21 a ƙasar kafin aure, a 1940 kuma aka soke irin wannan ɗaurin. Har yau wasu ma'aurata na zuwa can a ɗaure musu hannuwa da igiya ko ƙyalle a fili, sai dai ɗaure hannun kaɗai bai zama aure a wurin hukuma ba, sai mai izini ya jagoranta an sa hannu a takarda.

Takardar gwamnati

Kamaru ma tana da nata sharaɗin. Dokar rajista ta 29 ga Yuni 1981 ta tsara a ɗaura aure a gaban jami'in rajista, galibi magajin gari, bayan an liƙa sanarwa wata guda. A takardar auren ake rubuta ko auren mace ɗaya ne ko fiye. Dokar laifuffuka ta 2016 kuma ta hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba. Matar da ba ta da takardar auren ita ke shan wahala idan miji ya rasu a hanya ko ya tsallaka iyaka, domin kafa hujjar gado da yi wa 'ya'ya takardu sukan yi mata wuya.

Saboda haka, duk wanda aure ya riske shi a bakin hanya, kada ya ga laifin malamin da ya tsananta tambaya. Ya kawo waliyyi na gaskiya da shaidun da za a iya nemowa gobe, sannan ya je ofishin magajin gari a rubuta auren.