Kayan Ƙauye Sun Lalace: Wa Ke da Alhakin Gyara?

Duk wanda ya saba ratsa ƙauyukan ƙasar Hausa ya san irin kayan da ake gani a bakin hanya. Ga famfon tuƙa-tuƙa da hannunsa ya yi tsatsa, awaki na kwance a kan dakalinsa. Ga tankin ruwa a sama wanda rabonsa da ruwa an manta, ga ajin firamare da iskar farkon damina ta yaye wa kwano shekarun baya, ga asibitin sha-ka-tafi da jemagu suka gaje rufinsa. Kusan kowane ɗaya yana ɗauke da allo mai sunan wanda ya gina da ranar da aka buɗe. Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na ingantattun wuraren ɗibar ruwa a Najeriya ba sa aiki, kuma da yawansu tun a shekarar farko suke mutuwa. Wannan na nufin ƙishirwar da ake yi a ƙauyuka da dama ta samo asali ne daga rashin gyara, domin an haƙa, an kafa, an yanka ƙyalle, sannan kowa ya kama gabansa. Idan ana son auna ƙaramar hukuma, ma'aunin da ya dace shi ne yawan abubuwan da ke aiki yau a cikin ƙasarta, tsoho da sabo.

Doka ba ta bar wannan magana a duhu ba. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukan ƙananan hukumomi 774 da ake da su, kuma mafi yawansu ayyukan kulawa ne na yau da gobe: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, banɗakunan jama'a, hanyoyin cikin gari, magudanan ruwa, fitilun titi da kwashe shara. Ya kuma ba su hannu wajen samar da ilimin firamare da kiwon lafiya da kula da su. A wurare da dama kundin ya haɗa ginawa da kulawa a jimla ɗaya. Ke nan ciyaman ɗin da ya ce kwalbatin da ya toshe ba aikinsa ba ne, ko dai bai karanta takardar da ya yi rantsuwa a kanta ba, ko kuwa yana fatan talakawansa ba su karanta ba. Ruwan sha na karkara ya ɗan fi rikitarwa, saboda jihohi na da hukumominsu na samar da ruwa da tsafta, amma su ma ta hannun ƙananan hukumomi da kwamitocin ƙauye aka tsara za su yi aiki.

Tsofaffi kan tuna zamanin En'e, wato hukumar gargajiya, da kewa, kuma akwai darasi a ciki, ko da yake bai kamata a wanke shi tas ba. En'e tana da baitulmalinta, tana da ma'aikatar ayyuka, tana da leburorin hanya da duba-gari mai leƙa randa da masai. Kuɗinta kuwa daga haraji da jangali yake fitowa, dagaci da mai unguwa su tara, su miƙa wa hakimi. An yi zalunci a wannan tsari, an yi aikin tilas, an ci mutuncin talaka, kuma a kan haka 'yan jam'iyyar NEPU suka yi gwagwarmaya. Gyaran fuskar da aka yi a 1976 ya kawo ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk ƙasa, da kason da ake aiko musu daga tarayya. A 1979 gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talaka ya sami sa'ida. Sai dai tun daga wancan lokaci idon ƙaramar hukuma ya koma kallon sama, inda kuɗi ke saukowa. Hukumar da ba ta ci daga hannun mutanen ƙauye ba ta jin kunyarsu, su ma mutanen suka daina ganin kayan a matsayin nasu, ya zama kayan gwamnati wanda ba na kowa ba.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne yawan hannun da ke gini a ƙauye. Hukumar DFRRI ta zamanin Babangida ta zo a 1986 da hanyoyin karkara da rijiyoyi. Asusun PTF ya biyo baya a zamanin Abacha, ya gyara asibitoci da makarantu. Bayan 1999 aka shiga zamanin ayyukan mazaɓu, ɗan majalisar tarayya ya kawo rijiyar burtsatse, na jiha ya kawo aji biyu, hukumar UBEC da takwarorinta na jihohi su kawo nasu, ƙungiyoyin agaji na waje da masu neman lada su ma su haƙa. Kowanne da ɗan kwangilarsa, kowanne da irin injin da ya saya. Abin da ba a cika yi ba shi ne a zauna a damƙa aikin hannun wata hukuma a rubuce, a ce daga yau ke ce mai shi. Sau da yawa sashen ayyuka na sakatariya ba shi da ko jerin rijiyoyin da ke ƙasarsa, balle ya san wacce ke aiki. Idan abu ya lalace, ciyaman ya ce na ɗan majalisa ne, ɗan majalisa kuma ya faɗi zaɓe, ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa tuntuni.

Lalacewar kaya kuwa da ƙarami take farawa. Famfon tuƙa-tuƙa, irin su Afridev da India Mark II da aka fi kafawa a karkara, yana da robobi a ƙasa waɗanda ke cinyewa da yawan aiki, kuma an ƙera shi ne da sanin za a riƙa canza su lokaci-lokaci. Idan robar ta gaji ruwa zai ragu, yara su ƙara ƙarfin tuƙi, sandar ciki ta lanƙwashe ko ta tsinke, wani lokaci bututu ya faɗa rami. Gyaran da makanike ɗaya zai gama kafin azahar ya koma aikin da sai an kira masu manyan kaya. Haka kwano ɗaya da ƙusa ta saki a rufin aji: idan ba a buga shi da rani ba, iskar bazara za ta shiga ta nan ta ɗauke rufin, ruwa ya sauka kan katako da bango. Kwalbatin da yashi da leda suka toshe kuwa, ruwa zai nemi hanya ta gefensa ya cinye hanyar, motar da ke kwasar amfanin gona ta daina zuwa, mai naƙuda a ɗauke ta a amalanke. A kowane ɗayan waɗannan, kuɗin da aka ƙi kashewa da wuri shi ake biya ninki-ba-ninki daga baya.

Ciyamomi suna da amsa, kuma amsar tana da ƙarfi. Sukan ce da me za mu gyara? A takarda ƙananan hukumomi na da kashi 20.6 cikin 100 na asusun tarayya, amma sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya sa kuɗin ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A can ake cire albashin malaman firamare, kuɗin fansho, kason masarautu da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa, abin da ya rage kuma da ƙyar ya biya ma'aikata. Ga shi gwamnoni sun daɗe suna rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi, wanda kuma aka naɗa ba ya ɗaga wa wanda ya naɗa shi murya. Wannan ƙorafi ne ya kai gwamnatin tarayya ta maka jihohi 36 a Kotun Ƙoli, inda ranar 11 ga Yuli, 2024, kotun ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabancin kantomomi. Hukuncin ya yi daidai, kuma jan ƙafar da aka yi wajen aiwatar da shi abin a yi tir ne. Ba a neman gyaran famfo wurin wanda ba ya iya sa hannu a fitar da kuɗin roba.

Amma wanda ya ɗauka isowar kuɗi kaɗai za ta ta da matattun rijiyoyi bai lura da yadda siyasar ƙaramar hukuma ke tafiya ba. Sabon gini yana da kwangila, kwangila tana da kaso, ranar buɗewa akwai makaɗa da masu ɗaukar hoto. Canza robar famfo ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Saboda haka ko kuɗi ya ƙaru, ciyaman zai fi son ya haƙa sabuwar rijiya kusa da tsohuwar da ta mutu. Abin da zai hana shi shi ne tsoron akwatin zaɓe, wannan tsoro kuma ya yi ƙaranci. A zaɓukan ƙananan hukumomi na Oktoban 2024, NNPP mai mulkin Kano a lokacin ta lashe kujerun ciyamomi 44 baki ɗaya, APC mai mulkin Kaduna ita ma ta kwashe 23 ɗin jihar. Jam'iyyu sun bambanta, sakamakon iri ɗaya ne. Muddin hukumar zaɓe ta jiha na hannun gwamna, ciyaman ya san wanda ya kamata ya faranta wa, kuma ba matar da ke tafiya mai nisa da jarka ba ce.

Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren suke kallon abin. Suna cewa ciyamomi ba su fi gwamnoni tsoron Allah ba, sakar musu kuɗi raba ɓarna ne gida 774, gara jiha ta riƙe ragama tunda tana da injiniyoyi. Malaman firamare ma suna da tsohon tabo, domin sun sha zama wata da watanni babu albashi a lokutan da biyansu ya koma hannun ƙananan hukumomi. Wannan tsoro ya cancanci a saurare shi, kuma maganinsa shi ne a killace albashin malamai da ma'aikatan lafiya yadda babu mai taɓawa. Amma gyara aiki ne na kusa. Jihar Kano tana da mazaɓu 484, kowace da ƙauyuka da unguwanni masu yawa. Babu ma'aikatar da za ta zauna a birni ta san rufin da ya fara yoyo a wani ƙauye na Doguwa ko Kunchi. Kansila kuwa a garin yake kwana, a masallacin garin yake sallah, ana haɗuwa da shi wurin suna da jana'iza. Ɓarawon da aka san ƙofar gidansa ya fi sauƙin tuhuma.

Akwai kuma masu cewa ai mutanen ƙauye su ke sha, su ya kamata su gyara, kamar yadda iyayensu suka yi da aikin gayya. Gaskiya ne gayya na da amfani, har yau matasa na yashe magudanai kafin damina, suna share maƙabarta, kuma garuruwan da kwamitin ruwa ke karɓar ɗan abin da ya sawwaƙa a kan kowace jarka sun fi daɗewa da ruwa. Mutanen da suka zura ido famfonsu ya mutu a kan ƙaramin gyara suna jiran gwamnati su ma suna da laifi. Sai dai gayya tana da iyaka. Karo-karon ƙauye zai sayi roba da man shafawa, amma ba zai sayi injin tura ruwa da ya ƙone a rijiyar sola ba, ba zai sake zuba kwalbati ba, ba zai ɗauko ma'aikacin jinya ba. Rabon aikin a fili yake: ƙaramin gyara da tsaron kaya na mutanen gari ne, babban gyara da horar da makanike da tabbatar da ana samun kayan canji a kusa na ƙaramar hukuma ne. Hukumar da ke yabon gayya don ta sauke nata nauyin tana fakewa ne da guzuma tana harbin karsana.

Abin da ake buƙata ba ya neman sabuwar doka daga Abuja. Kowace ƙaramar hukuma ta buɗe littafin kadarori, mazaɓa-mazaɓa, a rubuta kowace rijiya da aji da asibiti da rumfar kasuwa, da halin da suke ciki, a riƙa sabunta shi ta hannun kansiloli da dagatai. Majalisar kansiloli ta ware wani kaso tsayayye na kasafin shekara don gyara, ta hana a karkatar da shi zuwa sabon gini. Kada a yarda kowa, ɗan majalisa ne ko ƙungiyar agaji, ya kafa abu a ƙauye sai an rubuta wanda zai kula da shi. Kuɗin da ake karɓa a kasuwa da tasha da mahauta a ba da rasit, a fara kashe shi a wurin da aka karɓe shi, domin ɗan kasuwar da ya ga an gyara rumfarsa ba ya gardamar biya. Kowane wata kuma a liƙa a jikin allon sakatariya abin da ya shigo da abin da aka kashe, da Hausa, yadda malamin makaranta zai karanta wa jama'a.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai faru idan jama'a ba su nema ba. Zaman majalisar ƙaramar hukuma ba sirri ba ne, kansila kuma wakili ne da ake biya da dukiyar al'umma. Ƙungiyoyin ci gaban gari, limamai, ƙungiyoyin mata da matasan da suka yi karatu su fara da abu mai sauƙi: su ƙirga kayan garinsu, su rubuta masu aiki da matattu, su kai takardar hannun kansila da ciyaman, su riƙe kwafi. Ranar da ɗan takara ya zo neman ƙuri'a da alkawarin sabuwar rijiya, a ɗauko takardar a tambaye shi me zai yi da waɗanda ke ƙasa, nawa zai ware, kuma zuwa yaushe.