Tallafin gidan farko a Jidda: alƙawarin da ya kai hukuma kotu

A 1974 gwamnatin Saudiyya ta kafa Asusun Raya Gidaje domin bai wa 'yan ƙasa rancen gina muhalli ba tare da kuɗin ruwa ba. An daɗe ana bayar da riyal 300,000, kafin Sarki Abdullah ya ɗaga shi zuwa 500,000 a 2011. Masu nema sun yi yawa, har magidanci kan shafe fiye da shekara 10 da lambarsa a hannu yana jiran layi ya zo kansa.

A 2017, shekarar da aka ƙaddamar da shirin samar da gidaje na Sakani, asusun ya sauya salo. Ya daina ba da rance daga aljihunsa, ya ce kowa ya nufi banki, shi kuma zai ɗauki nauyin ribar bankin, duka ko wani kaso, gwargwadon albashin mutum da yawan iyalinsa. A takarda abin ya yi kyau. Amma banki ba ya duba shekarun da ka yi a layi. Albashinka yake dubawa, da shekarunka, da bashin da ke wuyanka. Dattijon da ya yi ritaya yana jira, nan take aka rufe masa ƙofa.

Mutanen ba su rungume hannu ba. Suka shigar da ƙara a kotunan Diwanul Mazalim, masu sauraron koken jama'a a kan hukumomi, a Jidda da Riyad da wasu birane. Hujjarsu ita ce ƙudurin majalisar ministoci mai lamba 82 na shekarar 1435 Hijiriyya, wanda ya ce waɗanda suka nemi rance kafin 23 ga Rajab 1432 a bi da su bisa tsohon tsari. Alƙalai da dama sun ba su gaskiya. A ganina hukuncin ya dace, domin wanda ya ba ka lamba ya ce ka jira, ya ɗaura wa kansa alƙawari.

Igiyar nan kuma ta ɗaure ɗan ƙasa ma. Tun Oktoban 2020 ana karɓar harajin kashi 5 cikin 100 a kan cinikin gida ko fili, gwamnati kuma tana biya wa mai sayen gidansa na farko har iyakar farashin riyal miliyan 1, wato riyal 50,000. Wanda aka gano ya ɓoye wani gida da ya mallaka don ya ci wannan sassauci, zai mayar da kuɗin, ga kuma tarar da hukumar zakka da haraji ke iya ɗora masa. Ba zalunci ba ne. Kason wani ya cinye.

Hausawan Jidda da ba su da takardar zama 'yan ƙasa ba sa cikin wannan rabo ko kaɗan, duk da cewa rusau na 2021 da 2022 ya share unguwanni irin su Gulel da Karantina, inda da yawansu suka tashi. Halin ƙunci na iya sa mutum ya zuba kuɗinsa a gidan da aka saya da sunan ɗan'uwa ko surukin da ke da takarda. Ina roƙon 'yan'uwa su guji haka. Ranar da rigima ta tashi, sunan da ke jikin takardar gida kotu za ta fara dubawa, mai sunan kuma shi zai amsa tambaya a kan tallafin da aka karɓa.