Me ya sa wutar lantarkin Maiduguri ba ta da tabbas?

A watan Janairun 2021 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu, sai Maiduguri ta faɗa cikin duhu. An gyara a watan Maris, ba a jima ba suka sake kayar da su. Masu walda, masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara suka koma kan janareta, farashi ya hau.

Wannan ne ya sa kamfanin NNPC ya gina tashar wutar gaggawa mai aiki da gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Maris 2023. Sai dai babu bututun gas da ya iso Borno. Tankoki ne ke ɗauko gas ɗin tun daga Jihar Ribas, tafiyar sama da kilomita 1,000; idan hanya ta lalace, sai injin ya yi shiru.

Yanayi ma ya ƙara nasa. Zafin bazara kan haura digiri 40, lokacin da kowane gida da asibiti ke neman fanka da ruwan sanyi. Ambaliyar madatsar ruwan Alau ta Satumbar 2024 kuwa ta shafe unguwanni, har da taransifomominsu. Shi ya sa masu hali ke rungumar sola, talaka kuma yana jira.