Ɗan tsuntsun da ya zo bayan 'yan'uwansa sun tafi

A gabashin Amurka, mutane kan rataye kwalbar ruwan sukari a bayan gida don 'yan tsuntsayen nan masu shan ruwan fure da ake kira hamingbad. Nauyin ɗaya bai fi giram 3 zuwa 4 ba, kuma a nahiyar Amurka kaɗai ake samunsu. Jinsin da aka saba gani a yankin, wato Archilochus colubris mai jan maƙogwaro, yawancinsa ya kama hanyar kudu kafin ƙarshen Oktoba. To, idan ka ga wani a bakin kwalba a Nuwamba ko Disamba fa, wane ne shi?

Fara duba haƙarƙarinsa da gindin wutsiyarsa. In ka ga launin jan ƙasa sosai a wurin, da alama baƙo ne daga yamma, Selasphorus rufus. Wannan yana hayayyafa har kudancin Alaska, yawancinsu kuma a Meksiko suke cin sanyi. Amma wasu kan karkata gabas, su sauka a jihohi irin su Luwiziyana da Jojiya.

Wahalar ita ce yana da ɗan'uwa, Selasphorus sasin, mai hayayyafa a gaɓar tekun Kalifoniya. Matansu da ƙananansu kamar an tsaga kara: koren baya, jan haƙarƙari. Wutsiya ce ke raba gardama. Gashinta 10 ne, biyar a kowane gefe. A jikin rufus, gashi na biyu daga tsakiya yana da ɗan tsagi kusa da baki, kuma ya fi fitowa a jikin balagaggen namiji. A jikin sasin kuwa, gashin da ke can gefe ya fi siriri. Shi ya sa hoton wutsiya a buɗe ya fi hoton fuska amfani. Wani lokacin sai masu lasisin sa wa tsuntsaye zobe sun kama shi sun auna gashin kafin a tabbatar.

Kada ka ɗauka kwalbar ce ta hana shi tafiya. Gajartar rana na cikin manyan abubuwan da ke tayar da su ƙaura, ba ƙarewar abinci kawai ba. Da dare kuma yakan sauke zafin jikinsa don ya tattala ƙarfinsa, safiya na yi sai ya nemi abin sha.

Saboda haka wanda irin wannan baƙo ya sauka a gidansa, ya bar kwalbar: sukari awo ɗaya, ruwa awo huɗu, a kula kada ya daskare. Sannan ya ɗauki hoto, ya rubuta kwanan wata. Da irin waɗannan bayanai na bayan gida ne masana suka gane cewa zuwan rufus gabas a lokacin sanyi abu ne da ke faruwa duk shekara.